Ɗakin da Na Gina a Hanyar Ruwa

Litinin, 5 ga Agusta, gab da Magariba

Alhamdulillahi. Da ita zan fara, don Malam Nu'uman ya ce da ita ake farawa.

Yau a karatun da yake mana a masallacin unguwa bayan La'asar ya ɗauko kissar Annabi Nuhu, Alaihissalam, da ruwan Ɗufana. Ya ce tunda damina ta kankama, bari mu yi karatun ruwa. Amma ba da ruwan ya fara ba, da halin Annabin ya fara. Ya ce Allah da kansa ya kira shi bawa mai yawan godiya: in ya kai loma ya gode, in ya kurɓi ruwa ya gode, in ya zura riga ya gode. Sai ya dube mu ta saman tabarau ya ce, "Ku kuwa in na ce kowa ya kawo mini ni'ima biyar ta yau kaɗai, sai a fara susar ƙeya." Aka yi dariya. Ni dai maganar ta zauna mini, shi ya sa na zaro wannan tsohon littafin daga akwatin matata Lami. Rubutun na yaƙi da jahilci ne, hannun kuma ya fi sabawa da laka. Oho, ba wanda zai karanta.

To, ni Maharazu magini, ga tawa godiyar. Gero ya fara fitar da kai. Bayana bai yi ciwo ba yau. Babbar kuma, 'yata ta sauka lafiya ranar Asabar, namiji. 'Yar fari ce, ba na kama sunanta a baki, amma takarda ba ta jin kunya: Amatullah. Ta zo goyon ciki daga gidan mijinta a Zango, tana kwance a sabon ɗakin da na gina mata da bazara, har da gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, irin na iyayenmu. Duk matar da ta shigo barka sai ta yaba ɗakin kafin ta yaba jaririn.

Fili ne ba ni da shi, sai na sa ɗakin a lungun da ke tsakanina da Sada. Sada maƙwabcina ne, tare aka yi mana kaciya, sana'arsa dabbobi. Lungun nan iyayenmu ne suka bar shi don ruwan unguwa ya bi ya faɗa kududdufin baya. Na binne bututu a ƙarƙashin ɗakin. Da Sada ya dawo daga fatauci ya tarar gini ya kai kafaɗa, abin da ya ce kawai shi ne, "Magini, ka dai bar wa ruwa hanya ko?" Na ce na bari.

Na bari mana. Akwai bututu.

Laraba, 7 ga Agusta, bayan karatu

An kai wurin sassaƙa jirgi. Bawan Allah a kan tudu, ba kogi ba tafki, yana ta haɗa katako, manyan gari suna wucewa suna masa dariya. Na ji masa, don na san bakin masu wucewa a kan aikin da ba su iya ba. Malam ya ce shekara ɗari tara da hamsin ya yi yana kiran mutanen nan. Kai! Ni in na yi wa mutum magana sau biyu bai ji ba, ta uku da faɗa take fita.

Godiyar yau ta Inna Kande ce, mahaifiyar Sada. Ta kusa tamanin amma ko sanda ba ta riƙewa. Ita ce tsaye a kan wankan jego safe da yamma, ita ke zaɓo ganyen darbejiya, ita ke ɗanɗana kunun kanwa ta ce Lami ta yi rowar kanwa. Ta same ni a zaure ta ce, "Mai laka, ka zama kaka amma har yanzu ba ka iya wanke ƙafa ba." Allah ya bar mana ita.

Hadari ya haɗu a gabas, ya watse.

Alhamis, 8 ga Agusta, bayan Magariba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ruwa. Gidana ko tabarma ba ta jiƙe ba. Alhamdulillahi. Sauran bayani sai gobe.

Juma'a, 9 ga Agusta, da hantsi

Ruwan jiya ana idar da Azahar ya sauko, kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba sai gab da Magariba. Ina tsaye a ƙofar zaure na ga ruwan unguwa ya gangaro, ja wur, da kara da leda da komai. Ya zo bakin lungu. Ya tsaya, ya taru, ya juya. Ƙofata na ɗaga ta da dakali tun bara, ta Sada kuwa a ƙasa take.

Sada ba ya nan, ya kai shanu Kongolam. Matarsa Ikilima ta kwaso yaransu biyar ta yo gidana, ruwa har gwiwa. Inna Kande ta ce bari ta ɗora buhun gyaɗarta a kan gado ta fito. Sai muka ji rugum.

Da hannu muka tono ta, ni da Malam Nu'uman da Okechukwu mai shagon kayan babur na bakin titi. Azara ce ta danne mata ƙafa. Ko ihu ba ta yi ba, salati kawai take. Okechukwu ya kawo motarsa aka kai ta asibiti a Daura. Sada can ya same su.

Tana da rai, alhamdulillahi. Yaran duk lafiya, alhamdulillahi. Ɗaki biyu ne suka faɗi a gidan Sada, na Inna da na ajiya. Saura ɗaya, na Ikilima, yana tsaye.

Ba zan rubuta fiye da haka ba.

Asabar, 10 ga Agusta, da yamma

An yi suna. Maza sun raɗa can Zango da safe, yaro ya ci sunan Zakiyyu. Mata suka cika mana gida.

Gidan ma ai a cike yake tun kafin su zo. Ikilima da yaranta a ɗakin Lami, ni a zaure, awakin Sada bakwai a bayan madafa, kajin Inna Kande a ƙarƙashin rumbuna. Da asuba in ka fito alwala sai ka yi ta neman inda za ka sa ƙafa. Wata tsohuwa cikin 'yan suna ta duba ta ce, "Ikon Allah! Wannan gida ai jirgin Annabi Nuhu ne." Shi ke nan magana ta bi gari. Na fita sallar La'asar, wani yana ce mini, "Sannu Mai Jirgi." Wani ya ce ai alherina ne Allah ya duba ya kare mini gida.

Na yi dariya tare da su. Naman sunan dai ban iya ci ba, na ce haƙori ne.

Lahadi, 11 ga Agusta, da rana

Ba ruwa. Alhamdulillahi, ba ruwa.

Litinin, 12 ga Agusta, bayan Azahar

Okechukwu ya rufe shagonsa rabin yini ya kawo injin ban-ruwa don a zuƙe ruwan da ya kwanta a tsakar gidan Sada. Mutumin nan shekararsa ashirin a garin nan, Hausarsa har ta fi ta wasunmu daɗi. Da ya ga awaki da kaji a gidana ya yi dariya ya ce, "Baba Magini, mu ma a coci muna jin labarin Nuhu. Saura zaki da giwa ka cika."

Muna neman inda za mu jefa tiyo sai ya zagaya bakin lungu. Ya tsuguna gaban bututun. Ya zura hannu, hannun ya cika shi. Ya daɗe a tsugune, sannan ya ɗago.

"Baba Magini, wannan ne duka hanyar ruwan?"

Na ce shi ne.

Ya dubi faɗin ɗakin, ya dubi bututun. Da can lungun nan jaki da mangala yana wucewa ta cikinsa. Ya goge hannu a wando ya je ya tada inji. Da zai tafi ya ce, "Gindin ɗakin Ikilima ya sha ruwa sosai. In aka sake yin irin na Alhamis, ban sani ba." Ni na sani. Shekara talatin da ɗoriya ina kwaɓa ƙasa, in na taɓa bango na san kwanakinsa.

Na gode wa Allah da Okechukwu ba mai surutu ba ne. Na rubuta wannan godiyar, na kuma ji kunyarta.

Laraba, 14 ga Agusta, gab da Magariba

Na so in ƙi zuwa karatu, sai na ga in ban je ba za a tambaya.

Malam ya ce alamar da aka ba Annabi Nuhu ita ce ruwa zai ɓuɓɓugo daga tanderu, inda mata ke gasa gurasa. Ya ce, "Ku lura, ba daga kogi aka ce ba. Daga cikin gida, daga wurin wuta, inda ba wanda yake zaton ruwa. Mutum yana ta leƙen sama yana tsoron hadari, ashe abin da zai ci shi yana tsakar gidansa." Yana faɗa yana kallon kowa. Ni na ga kamar ni kaɗai yake kallo.

Na dawo na tarar Lami tana hura wuta a ƙarƙashin gadon mai jego. Na tsaya daga waje ina jin kukan jariri. Ɗaki mai kyau, wallahi. Ban taɓa yin yaɓe mai santsinsa ba.

Alhamis, 15 ga Agusta, da La'asar

Na je Daura duba Inna. An sa mata ƙafa a filasta tun daga cinya. Tana barci, na ji daɗin hakan, Allah ya yafe mini.

Sada ya rako ni har bakin ƙofa. Ya rame, idonsa ya faɗa. Likita ya ce ƙashin tsoho ba ya saurin haɗuwa, in ta tashi sai da sanda, in ma ta tashi. Sada ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Magini, ba ni da bakin gode maka. Ka tono mini uwa, ka rufa wa iyalina asiri. Ƙaddara ce, ba mai tare ta."

Na ce haba, ai yi wa kai ne.

Tun daga Daura har gida, a bayan babur, ina ta maimaita haba ɗin nan a raina.

Juma'a, 16 ga Agusta, da safe

Gero ya yi kyau. Jariri yana shan nono. Inna tana da rai. Uku ke nan. Na kasa kai biyar.

Asabar, 17 ga Agusta, bayan Azahar

Na samo gora ina zungurar bututu, wai ko shara ce ta toshe shi. Ba abin da ya toshe shi. Ƙarami ne kawai.

Lami ta same ni a tsugune. Ta ce Ikilima ta ce Juma'a mai zuwa za su koma ɗakinsu, sun takura mu da yawa, ita kunya take ji. Na ce ba inda za su. Lami ta ce ta faɗa mata haka, ta ƙi ji.

Sai ta rage murya ta ce, "Malam, tun ranar da na ga kana auna lungun nan da ƙafa na so in yi magana."

Na ce, "To me ya hana ki?"

Ta ce, "Ɗakin 'yata ne."

Na ɗauka za ta ce mini in yi wani abu. Sai ta ce yarinya ko sati uku ba ta yi ba, ba a tada mai jego daga gadon wuta kafin arba'in, sanyi zai shige ta, kuma dangin mijinta za su ji. Ta faɗi wannan duka, sannan ta ce, "Amma ƙaramin Ikilima a jikin bangon nan yake kwana." Ta share ido da gefen zane ta koma madafa. Ta bar ni da gora a hannu.

Na gode wa Allah da matar nan. Yau ma na ji haushinta, don da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 19 ga Agusta, bayan karatu

Yau an zo wurin ɗan Annabi Nuhu.

Jirgi ya tashi, igiyar ruwa kamar duwatsu, Annabi Nuhu ya hango ɗansa a gefe, ya kira shi ya hau. Yaron ya ce zai hau dutse, dutse zai kare shi. Uban ya ce masa yau ba mai karewa sai wanda Allah ya ji ƙansa. Ruwa ya shiga tsakaninsu. Malam da ya zo nan muryarsa ta sauya. Ya ce yaron nan ba wawa ba ne, dabara ya yi, irin wadda kowa zai yi: ruwa yana ƙasa, ka hau sama. Laifinsa ya dogara da tudunsa, ya ƙi kiran da ake masa. Ya ce da Annabi Nuhu ya yi wa Ubangiji maganar ɗansa, aka sanar da shi cewa jini ba ya tsirar da kowa, aiki ake dubawa. Nan take, Annabi guda, mai shekara kusan dubu yana wa'azi, ya nemi gafara. Bai tsaya kare kansa ba.

Kwana goma ana ce mini Mai Jirgi. Ina zaune a sahun gaba na gane ba a jirgi nake ba. Ni ne na ɗaga dakalina na hau.

Da aka watse na tsaya. Na ce, "Allah gafarta Malam, tambaya gare ni, ta wani ce." Ya ce to. Na ce, "In mutum ya tsira, amma ta hanyar da ta cuci wani, yana ta alhamdulillahi, godiyarsa ta karɓu?"

Ya naɗe buzunsa a hankali. Ya ce, "Karɓa ta Allah ce, ba zan shiga ba. Amma ka faɗa wa mutumin, abin da ke tsakaninsa da Allah tuba ta ishe shi. Abin da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa sai ya taka ya je ƙofarsa. In kuma abin da ya yi cutar yana nan tsaye, da shi ake farawa." Ya sa takalmi. Sannan ya ce, "Ka gaishe shi. Ka ce masa damina ba ta ƙare ba."

Talata, 20 ga Agusta, da hantsi

Yayyafi kawai aka yi da asuba. Na je na duba bangon Ikilima. Ya tsage daga gindi, yatsana yana shiga.

Laraba, 21 ga Agusta, bayan La'asar

Na faɗa masa.

Sada ya zo da safe ɗaukar wa Inna kaya. Na ce ya zo in nuna masa wani abu. Na kai shi bakin lungu na nuna masa bututun. Na ce, "Ba ƙaddara kaɗai ba ce, Sada. Ruwan nan hanyarsa ya zo ya tarar na toshe. Na san bututun bai isa ba tun ranar da na binne shi. Na ce wa kaina damina ɗaya ce, in yarinya ta gama wanka sai in gyara."

Ya tsuguna kamar yadda Okechukwu ya yi. Ya zura hannu. Ya miƙe.

Na shirya wa zagi, na shirya wa mari ma. Sai ya ce, "Na tambaye ka."

Na ce ka tambaye ni.

"Na tambaye ka, Maharazu."

Rabon da ya kira ni da sunana tun muna samari. Ya shiga gidana ya ce wa Ikilima ta haɗa kaya. Kafin Azahar sun koma gidan ƙaninsa a bakin kasuwa, har awakin. Kajin Inna ne kawai suka ƙi kamuwa.

Gidan ya yi faɗi. Ban ji daɗin faɗin ba ko kaɗan. Amma abincin rana na ci shi duka, rabona da haka tun ranar ruwa. Alhamdulillahi.

Na aika Lami ta gaya wa mai jego gobe zan rushe ɗakin. Ni da ita ba ma doguwar magana, tsakanin uba da 'yar fari sai gaisuwa. Ina tsakar gida sai na ji muryarta daga bayan labule. Ta ce, "Baba, ni ko a ina zan iya wanka. Inna Kande ce ta yanke wa yaron nan cibi. Ku rushe." Na fita zaure.

Alhamis, 22 ga Agusta, gab da Magariba

An mai da mai jego ɗakin uwarta, Lami ta sa mata kasko da garwashi. Na hau soro da diga tun rana ba ta yi zafi ba.

Ka san mutanenmu. Kafin in cire azara ta uku an cika lungu. "Magini, lafiya?" "Sabon ɗaki?" "Mai Jirgi, aljanu ne?" Da farko na yi kamar ban ji ba. Sai na ga in ban faɗa yau ba, gobe wani zai faɗa mini ita a karkace. Na tsaya a kan bango na ce, "Jama'a, ɗakin nan a hanyar ruwa na gina shi. Shi ya juya ruwa gidan Sada. Ni na karya Inna Kande. Kada wanda ya sake ce mini Mai Jirgi."

Wasu suka sulale. Wani dattijo ya ce ai dama shi ya lura, ƙarya yake, shi ya fi kowa yaba ɗakin. Wata mata ta ce Allah ya isar wa tsohuwa, da ƙarfi, don in ji. Na ji, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Okechukwu ya zo da shebur da baro, ya kama aiki. Bayan Azahar Malam Nu'uman ya tuɓe babbar riga ya rataye a katanga ya kama kwasar ƙasa. Na ce, "Allah gafarta Malam, bari mana." Ya ce, "Kai dai sara." Ashe Malam bai iya riƙon shebur ba sam, rabin ƙasar a ƙafarsa yake zubarwa. Na bar shi, lada yake nema.

Gadon ne ya ba ni wuya. Da na kafa masa diga, cikinsa da sauran ɗumi. Na zauna a kan ɓaraguzai na ɗan jima kafin in ƙarasa.

Kafin La'asar ta yi sanyi ana hango kududdufi daga titi. Bayana kamar zai ɓalle. Alhamdulillahi da aka ba ni yau, ba a yi ruwa jiya ba.

Juma'a, 23 ga Agusta, bayan La'asar

Ya zo. Muna fitowa daga masallacin Juma'a gabas ta yi baƙi ƙirin, kafin mu kai gida ya tsinke. Ya kai na ranar nan, in bai fi ba.

Na tsaya a cikinsa a bakin lungu, ba laima ba komai. Ruwan ya gangaro, ya zo, ya shige abinsa ta kan daɓen da na yi wa 'yata, ko waiwaye bai yi ba. Ya ci gindin katangata ta wannan gefen, wajen kamu shida ta zube cikin gidana, ta fasa wa Lami randa biyu. Tsakar gidan Sada ruwa bai wuce idon sawu ba. Ɗakin Ikilima yana tsaye.

Lami ta leƙo tana ce mini in shigo kada zazzaɓi ya kama ni, wai tsoho da ni ina wasan ruwa. Ina ta alhamdulillahi da ƙarfi kamar mahaukaci. Wannan karon ban ji kunyar godiyar ba.

Lahadi, 25 ga Agusta, da safe

Na haɗu da Sada a bakin titi zai tafi kasuwar Mai'adua. Na yi sallama. Ya amsa sallamar, iyakarta ke nan.

Talata, 27 ga Agusta, bayan karatu

Malam ya rufe kissar. Aka umarci ƙasa ta haɗiye ruwanta, sama ta ɗauke, jirgi ya sauka a kan dutse, aka ce su fito da aminci da albarka. Ya ce mu riƙe abu ɗaya: ruwan da ya halaka waɗancan, shi ne ya ɗaga jirgin. Ruwa ɗaya ne. Bambancin yana wurin wanda ya ji kira da wanda ya ƙi. Ya ce Ɗufana ba fushi kaɗai ba ce, wanki ce, aka wanke ƙasa aka sake ba mutane dama.

Ni kuwa tunanin magini na yi. Da suka sauko, duniya duk laka, ba ɗaki ko ɗaya. Dole wani a cikinsu ya naɗe hannun riga ya fara kwaɓa ƙasa. Ba a faɗi sunansa ba, amma na san an yi shi.

Na tokare bangon Ikilima da azarorin da na cire, na cike tsagar. Ɗakin Inna sai kaka, in ruwa ya ɗauke, tubali ba ya bushewa yanzu. Ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda ya hana ni. Ikilima ta dawo da yara jiya. Ta gaida Lami ta kan katanga.

Mai jego lafiya lau, sanyi bai kama ta ba. A masallaci wasu sun daina matsa mini wuri a sahu. Ba komai, akwai wuri a baya.

Alhamis, 29 ga Agusta, gab da Magariba

An sallamo Inna Kande.

Motar Okechukwu ta kawo su, amma taɓo ya hana ta shigowa, ta tsaya a bakin titi. Ina daga nesa, a gindin darbejiya, ban san ko in matsa ko in koma ba. Sada ya buɗe ƙofa ya juya baya ya durƙusa zai goya ta. Ta rame ƙwarai, ƙafar tana miƙe cikin filasta. Sai na ji ta ce, "Ba kai ba. Kira mini wancan da yake laɓe."

Na zo. Na durƙusa na ce, "Inna, sannu da jiki."

Ta ce, "Sada ya faɗa mini komai. Ƙafar nan ba za ta koma yadda take ba, ka sani?"

Na ce na sani.

"To juya. Kai ka fitar da ni daga gidana, kai za ka mai da ni."

Na juya, aka ɗora mini ita. Ba ta fi damin kara nauyi ba. Sada yana tafe a gefe yana tallafe da ƙafar, bai dube ni ba. Mutane sun fito ƙofar gidajensu suna kallo, ba mai magana sai sannu Inna, sannu Inna.

Da muka zo bakin lungu ta ce in tsaya. Ta daɗe tana kallonsa, a buɗe har kududdufi, ga sawun ruwa a ƙasa, ga katangata a zube. Ina jin numfashinta a wuyana.

Ta ce, "Na yafe maka, Mai laka. Amma ka duba gabanka, kada ka kada ni sau biyu."

Na duba. Idon ne ya ƙi gani sosai. Sai da Sada ya kama ni ta gwiwar hannu ya kai mu har ƙofa.